Jawabi a Taron Hausawan Bronx: Wayarmu da Maƙwabtanmu



Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa na Kano da Damagaram da Maraɗi, da na Nima da Kumasi, barkanmu da ganin juna. Ina jin ƙamshin waina daga bayan zaure, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Dattawan da ke zaune a gaba sun san yadda kiran gida yake a da. Ka shiga shago ka sayi katin dala biyar, ka kankare bayansa, ka yi ta danna lambobi. Kafin ka gama gaida Inna da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai wata murya ta katse ku, wai saura minti ɗaya. Can kuma ba kowane gida ke da tarho ba, sai an sa rana an taru wajen mai layi. Wasunmu kaset suke cikawa da magana su ba matafiyi. Wayar salula ba ta bazu a Najeriya ba sai daga 2001. Skype ya fito a 2003, WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, na bidiyo a 2016. Shi Skype ɗin ma an rufe shi a watan Mayun 2025, ban ji wanda ya yi zaman makokinsa a cikinmu ba.

Wannan sauƙin kiran gida ni'ima ce, mu gode wa Allah. Ana ɗaurin aure a Fagge, kana cikin tasinka kana cewa amin. Kaka tana ganin haƙorin jikanta ranar da ya fito.

Sai dai akwai abin da ya daɗe yana damuna. A zamanin kati, tsada ce take fitar da mu waje. Kati ya ƙare, ɗaki ya yi maka faɗi, dole ka sa riga ka nufi masallaci ko ɗakin wani. A nan aka san juna, a nan aka fara adashe, a nan wani ya ce maka ana neman ma'aikaci a wurinsu. Yanzu yaro zai sauka, ya sami aikin kai abinci a keke, ya dawo cikin dare a gajiye, ya toshe kunne. Tsakaninmu da Kano awa biyar ne, lokacin sanyi shida, to yana farkawa ya tarar da saƙonni sun taru, ya shiga hirar majalisar unguwarsu kamar bai taɓa tashi daga kan bencin ba. Ya san farashin buhun masara a kasuwar Dawanau, amma bai san sunan wanda ƙofarsa ke kallon tasa ba. Na mata ya fi tsanani: amarya ta zo, miji yana aiki dare da rana, ga sanyi, ga rashin Turanci, sai ita da waya.

Kakanninmu fataken goro da suka sauka Salaga da Kumasi ba haka suka yi ba. Baƙo yana da mai masauki: shi zai ba shi ɗaki, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Da haka zango ya kafu. Sun ce zumunta a ƙafa take, kuma har yau ba a ƙera wayar da za ta kai ka asibiti ƙarfe uku na dare ba.

Ba mu manta 9 ga Janairun 2022 ba, ranar da gobarar benen Twin Parks ta ci rayuka 17 a nan Bronx, mafi yawansu 'yan'uwanmu na Gambiya, takwas yara. Allah ya jiƙansu. Daga gida an bugo, an yi kuka, an yi addu'a. Amma waɗanda suka kai bargo da abinci, suka tsaya har aka yi jana'iza, mutanen nan ne.

Kuma kada mu taƙaita abota ga mai jin Hausa. Maƙwabciyarki 'yar Dominika ce? Aika mata da naman Sallah. Laburaren birnin nan yana koyar da Turanci kyauta, a je, a can ma ana yin ƙawaye.

Zauren WhatsApp ɗinmu kuwa, don Allah a rage turo bidiyon siyasa. A sanar da mu wa ya sauka, wa ke kwance, wa ya rasa aiki.

Ga takarda can a bakin ƙofa. Duk gidan da zai iya karɓar sabon zuwa ɗaya ya ci tuwo da su ranar Lahadi, ya rubuta sunansa kafin ya ɗauki waina. Ku kuma sababbin zuwa, kada kunya ta hana ku, ku rubuta naku a ɗaya shafin.

Allah ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.