Dutsen zinare ba ya shiga gida

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ma'aikacin lafiya ya gabatar ga matasa masu haƙar zinare dangane da gubar dalma.

Bayan gaisuwa, mai jawabin ya fara ne da tuna wa mahalarta abin da ya auku a shekarar 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara, inda yara sama da 400 suka rasa rayukansu a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ya ce da farko jama'a sun zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, domin yaro kan fara da amai, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka gwada jinin yaran, sannan aka gano ashe dalma ce.

Ya bayyana cewa dutsen da ake samun zinare a yankin cike yake da dalma. Da zinare ya yi tsada, sai aka riƙa kwaso dutsen zuwa cikin gida, mata na daka shi a turmi, ana niƙa shi da irin injin da ake niƙa hatsi. Ƙurar kan kwanta a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Wanda ya tsira ma, in ji shi, sau da yawa gubar kan taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa.

Ya ƙara da cewa magani ba ya amfani matuƙar yaro zai koma gidan da ya gurɓata, shi ya sa sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013. Amma duk da wannan darasi, a 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Daga nan ya ce ba wai yana hana kowa neman abincinsa ba ne. Abin da yake roƙo shi ne a yi niƙa can bayan gari, a jiƙa dutse kafin a fasa, a ware injin hatsi daban, kuma mutum ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Ya rufe da addu'ar Allah Ya jiƙan yaran, Ya kiyaye na gaba.