Baƙon Kamfani: Marubutan Tafiye-Tafiye da Kamfanonin Jiragen Sama a Idon Gogaggun Matafiya



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wata jayayya da ta daɗe tana gudana a Amurka da ƙasashen Turai tsakanin mutane iri biyu, waɗanda dukkansu jirgin sama ya zame musu kamar gida. Kashi na farko su ne gogaggun matafiya, watau 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanoni da jami'an gwamnati waɗanda aiki ke tilasta wa shiga jirgi kusan kowane mako. Kashi na biyu kuwa su ne masu ba da labarin tafiya, a rubuce ko a hoto, waɗanda sana'arsu ita ce su hau jirgi, su ɗanɗana abincinsa, su auna faɗin kujerarsa, sa'an nan su sauko su gaya wa jama'a ko ya cancanci kuɗinsa. Ƙarar da na farkon suke kai na biyun ita ce wai yawancinsu baƙin kamfani ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba za a gane wannan ƙara sosai ba sai an san inda kuɗin yake fitowa. Kafin shekarar 1978, wata hukumar gwamnati ce take yanka wa kamfanonin jiragen Amurka kuɗin tikiti, ta kuma raba musu hanyoyi. A wannan shekara aka yi dokar da ta sakar musu mara, sai gasa ta ɓarke, kowane kamfani ya shiga neman dabarar da zai riƙe fasinjansa kada ya koma wa abokin hamayya. A watan Mayu na 1981 kamfanin American Airlines ya fito da tsarin da ya kira AAdvantage, cikin 'yan kwanaki kuma United ya bi sahu. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: duk mil ɗin da fasinja ya yi a jirgin kamfanin sai a rubuta masa maki, in makin ya taru a ba shi tikiti kyauta, ko a ɗaga shi daga gama-gari zuwa faskila.

Daga baya abin ya wuce nan ƙwarai. Kamfanonin suka gano cewa suna iya sayar wa bankuna wannan maki, su kuma bankunan su riƙa raba wa masu sayayya da katin bashinsu. Ta haka maki ya zama wani irin kuɗi wanda kamfani ne yake buga shi, shi ne kuma yake yanka darajarsa. Girman wannan ciniki ya fito fili a lokacin annobar korona, sa'ad da jirage suka kwanta a ƙasa. A 2020 United ya ci bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma ya ci na dala biliyan 9, a 2021 American ya ci na dala biliyan 10, kuma abin da dukkansu suka jinginar shi ne tsarin nan na maki. A 2023 kaɗai, abin da Delta ya samu daga hulɗarsa da American Express ya kai wajen dala biliyan 6.8. To, duk kasuwar da ta kai wannan girma ba ta rasa masu kiran ciniki, kuma a nan ne marubucin tafiya ya samu wurin zama.

Hanyar farko da alheri ke isa gare shi ita ce gayyata. Kamfani zai buɗe sabuwar hanya, ko ya sayo sabon jirgi, sai ya aika wa marubuta tikitin faskila, ya sauke su a babban otal, ya zagaya da su. Gogaggun matafiya ba su cika cewa marubucin yana shara ƙarya ba. Abin da suke cewa ya fi wannan nauyi: ko da ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, abin da ya gani ɗin shirya masa aka yi. An san sunansa tun kafin ya iso filin jirgi, an sanar da ma'aikatan cikin jirgi lambar kujerarsa, an duba cewa kujerar tana kwanciya, allon kallonta yana aiki, abincin da yake so bai ƙare ba. Mai dakon labari ke nan da aka share wa hanya, alhali wanda zai karanta labarin, ya cire kuɗi daga aljihunsa, ba wanda zai share masa. Alal misali, a 2016 kamfanin Emirates ya ɗaga wani Ba'amurke mai shirya finafinai, Casey Neistat, zuwa faskila a tafiyarsa daga Dubai zuwa New York, kujerar da kuɗinta ya kai wajen dala 21,000. Ya ɗauki hoton komai, har da ɗakin wankan da ke cikin jirgin, kuma miliyoyin mutane suka kalla. Bai ɓoye cewa kyauta aka yi masa ba, wannan kuwa abin a yaba masa ne. Amma ko yaro ya san cewa da kamfanin zai sayi tallar da za ta kai ga wannan yawan jama'a, da ya kashe abin da ya ninka kuɗin kujerar sau da yawa.

Akwai kuma abin da baƙon kamfani ba ya rubutawa, don kuwa bai taɓa faɗa masa ba. Mafi yawan fasinjoji a gama-gari suke zama. Abin da ya dame su shi ne jinkiri, da soke tashi ba sanarwa, da jakar da ta sauka a wata ƙasa dabam, da yadda ma'aikaci zai amsa musu da ƙarfe biyun dare in jirgin da za su canja ya tafi ya bar su. Falken da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Jidda ko Dubai, shi ma gogaggen matafiyi ne, kuma abin da yake so ya sani shi ne kilo nawa za a bar shi ya ɗauka, nawa za a caje shi a kan abin da ya haura. Tun 2004 Tarayyar Turai take da dokar da ta wajabta wa kamfani biyan fasinja diyyar yuro 250 zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya, in an soke jirginsa ko an hana shi shiga ba da laifinsa ba. Wane kamfani ne ke biya da sauri, wane ne ke jan ƙafa har mutum ya gaji ya haƙura? Irin wannan sani sai wanda ya kwana a kan bencin filin jirgi, shi ya sa gogaggun matafiya suke ganin sun fi marubutan cancantar a saurare su.

Hanya ta biyu ta fi ta farko kawo kuɗi, ta kuma fi ta ɓoyuwa, ita ce la'ada. Marubuci zai bayyana yadda ya je Tokyo a faskila da maki kawai, sa'an nan ya nuna wa mai karatu katin bankin da zai nema domin shi ma ya tara irin wannan maki. Duk wanda ya bi ta hannunsa ya karɓi katin, banki zai biya marubucin la'adarsa. Wannan ciniki ya yi ƙarfin da har The Points Guy, wanda Brian Kelly ya kafa a 2010 domin rubutu a kan maki, ya samu mai saye a 2012, mai sayen kuwa shi ne Bankrate, kamfanin da sana'arsa ita ce haɗa bankuna da masu neman kati. Dillanci dai ba abin kunya ba ne, kasuwa ba ta ci sai da dillali. Matsalar ita ce wanda abincinsa ya rataya ga mutane su ci gaba da sha'awar maki, da wuya ya buɗe baki ya ce musu makin ya lalace. Ga shi kuwa yana lalacewa. A 2015 Delta da United suka daina lissafa maki bisa nisan tafiya, suka koma lissafa shi bisa kuɗin da fasinja ya biya, American ya biyo baya a 2016. A 2015 ɗin ne kuma Delta ya janye jadawalin da ke nuna yawan makin da kowace tafiya take ci, ya zama mutum yana tara kuɗin da bai san abin da zai saya masa gobe ba. A irin waɗannan ranaku ne gogaggun matafiya suke zuba ido su ga wane marubuci zai kira abin da sunansa, wane ne kuma zai ce ai gyara aka yi domin jin daɗin fasinja.

Ɗalibin Hausa ba zai rasa ganin kamar da ke tsakanin wannan sana'a da roƙo ba. Maroƙi yana wasa ubangidansa, ya kambama kyautarsa, ya rufe aibinsa, in an hana shi kuma ya juya ga habaici ko zambo. Amma akwai wani bambanci da ya kamata a tsaya a kansa. A dandalin roƙo, kyauta a bainar jama'a ake yin ta. Sanƙira yana tsaye, aikinsa ke nan ya ɗaga murya ya sanar cewa wane ɗan wane ya ba da riga, ko doki, ko kuɗi kaza. Saboda haka duk wanda ya ji an kira mutum giwa ko bajimi, ya riga ya ji abin da aka biya, ya kuma san ma'aunin da zai auna yabon da shi. Ba wanda ya taɓa sayen doki don ya ji maroƙin mai dokin ya yabe shi. Marubucin tafiya kuwa yana zuwa ne da rigar alƙali, yana ba da maki bisa goma, yana jera wannan kamfani a kan wancan, alhali ba sanƙiran da ya faɗi abin da ya shiga aljihunsa. Abin da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yi a 2009, da ta sabunta ƙa'idojinta ta ce duk mai yaba wa kaya dole ya bayyana in an ba shi kuɗi ko kyauta, bai wuce ƙoƙarin samar da sanƙira ba. Wasu gidajen jarida sun bi ta wata hanya dabam. Mujallar Condé Nast Traveler, wadda aka fara bugawa a 1987 a ƙarƙashin Harold Evans, ta kafu ne a kan cewa marubutanta za su yi tafiya ba tare da sanar da kowa ba, kuma mujallar ce za ta biya. Jaridar New York Times ita ma ta hana marubutan tafiyarta karɓar tikitin kyauta. Sai dai wannan hanya tana da tsada, ba kowane marubuci ne yake da gidan jarida mai ƙarfi a bayansa ba, kuma in aka ce sai mai iya sayen tikitin faskila da kuɗinsa ne zai yi rubutu, an bar fagen ga 'ya'yan masu hali ke nan.

Haƙiƙa gayyata ba ta kashe rubutu dole. Adabin Hausa kansa yana da shaida. Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944, ya samu ne daga ziyarar da Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya kai Ingila a 1943 tare da wasu editocin Afirka ta Yamma, bisa gayyatar British Council, ana tsakiyar yaƙi. Masu masaukin suna da bukatarsu, ba shakka, suna son a dawo a yabi Ingila. Duk da haka a cikin wannan tawaga ce Nnamdi Azikiwe ya gabatar da takardar neman mulkin kai, wadda Imam bai sa wa hannu ba, shi kuma Imam ya gana da Lugard ya bayyana masa abubuwan da ke damun mutanen Arewa game da yadda ake mulkinsu. Masauki ɗaya, baƙi biyu, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Abin da ya taimaki mai karatu a nan shi ne ba a ɓoye masa wanda ya ɗauki nauyin tafiyar ba.

To, amma laifi tudu ne. Cikin ƙorafin gogaggun matafiya akwai wanda ba shi da alaƙa da gaskiya ko amana. In kamfani ya yi kuskure ya sa tikiti da araha, ko aka gano wata kafa ta samun faskila da maki kaɗan, su 'yan tsirarun da suka sani sukan so a yi shiru a ci gaba da sha. Da zarar marubuci ya shelanta, sai jama'a su yi ca, kamfani ya farga ya toshe kafar. A nan fushinsu fushin wanda aka tona wa rumbu ne, marubucin kuwa ya yi wa sabon matafiyi amfani.

Bugu da ƙari, shi kansa gogaggen matafiyin baƙon kamfani ne ta wata fuska, kuma wannan ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Yawancin tafiye-tafiyensa ba shi yake biya ba, ma'aikatarsa ce take biya, amma makin da sunansa ake rubutawa. Idan akwai jirage biyu masu zuwa gari ɗaya, ɗaya ya fi araha, ɗayan kuma shi ne wanda yake tara wa maki, wanne zai ce wa akawun ofis ya yanko masa? Tsarin tun asali an gina shi ne domin ya karkata wannan zaɓi. Ƙasashe sun bambanta a kan hukuncin abin. A Amurka, dokar da aka sa wa hannu a ƙarshen 2001 ta yarda ma'aikacin gwamnatin tarayya ya riƙe makin da ya samu a tafiyar aiki ya yi amfaninsa da shi. A Jamus kuwa ƙa'idar majalisar tarayya ita ce makin tafiyar aiki na aiki ne. A 2002 aka gano wasu 'yan siyasa sun yi tafiye-tafiyen kansu da makin Lufthansa da suka tara da kuɗin jama'a, har Gregor Gysi ya sauka daga muƙaminsa na mai kula da tattalin arzikin birnin Berlin, Cem Özdemir kuma ya ajiye muƙaminsa a cikin 'yan majalisar jam'iyyarsa.