A Ba Mu Ƙofa Mai Sauƙi Zuwa Ga Rajistarmu: Jawabin Ma'ajin Ƙungiya A Taron Wata



An ba ni dama in yi magana a kan rajistar ƙungiya da littafin kuɗin wata, waɗanda yanzu suka koma cikin kwamfuta. Wasu daga cikin dattawa sun ce a koma wa littafi da biro, domin tun da aka yi wannan canji ba mai iya gyara ko da lambar waya sai an nemo yaro. Matasa kuma sun ce duk ran da aka bar wani ya taɓa fayil ɗin sai ya lalace. To, jama'a, kowa da gaskiyarsa, amma ni ra'ayina kada mu koma baya, kuma kada mu zauna a haka. Abin da muke buƙata shi ne hanya mai sauƙi wadda ɗan kasuwa zai gyara abin da ya shafe shi ba tare da ya ɓata na wani ba.

Rubuta lissafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Tun da aka kafa Sabo nan Ibadan a 1916, masu gida ke riƙe da amanar fatake na goro da na shanu, kuma cinikin da yawansa bashi ne. Sannan mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, da rumfuna suka ƙone. Duk wanda lissafinsa ke cikin littafi guda a rumfa, to wuta ba ta san bashi ba. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa littafi shi kaɗai bai wadatar ba.

Bari in yi bayanin yadda abin yake, don mu san me ya sa yake saurin lalacewa. Fayil ɗin nan kamar tabarma yake, akwai layin kwance akwai na tsaye. Kowane layin kwance mutum ɗaya ne. Kowane layin tsaye abu ɗaya ne: suna, garin asali, sana'a, lambar waya, abin da ya biya. Akwai wani nau'insa da ake kira CSV, wanda shi ake yawan amfani da shi in za a kwashe bayani daga wannan manhaja zuwa waccan. A cikinsa waƙafi ne kawai ke raba gida da gida. Saboda haka in mutum ya buɗe shi tsurarsa ya rubuta 5,000 da waƙafi, na'ura sai ta ɗauka gida biyu ne, 5 daban, 000 daban, duk abin da ke bayansu ya gusa. Wanda ya biya dubu biyar sai ya koma ya biya naira biyar.

Shi kuma Excel yana da nasa karambanin. Lambobin wayarmu guda 11 ne kuma da sifiri suke farawa. In aka rubuta su a gidan da ba a gyara ba, sai ya ce ai sifirin farko ba shi da amfani, ya cire, su koma 10. Haka yake yi wa lambar asusun banki mai guda 10 in da sifiri ta fara. Lambar da ta wuce guda 15 kuwa, abin da ya haura sai ya mayar da shi sifiri. Ga rikicin kwanan wata: mu in mun rubuta 3/4 muna nufin uku ga Afrilu, amma kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka za ta karanta huɗu ga Maris. Ga haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda in ba a adana fayil da tsarin da ake kira UTF-8 ba sai su koma alamar tambaya, Ɗanladi ya rasa kansa. Mafi muni, mutum ya ce zai jera sunaye daga A zuwa Z, sai ya jera layin suna shi kaɗai ya bar na kuɗi a inda yake. Nan take kuɗin Malam wane ya koma na Alhaji wane, kuma ido ba zai gane ba.

Kada wani ya ce ai don ba mu yi boko mai zurfi ba ne. A Ingila, a watan Oktoba na 2020, hukumar lafiyarsu ta tarar da mutum 15,841 da aka tabbatar suna da korona sun faɗi daga lissafi, domin an yi amfani da tsohon nau'in Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. In masana za su faɗa wannan rami, ina ga mai sayar da albasa? Laifin na hanyar ne, don haka hanyar za mu gyara.

To ga abin da nake roƙon 'ya'yanmu masu wannan ilimi su yi mana.

Na farko, ku daina miƙa mana fayil ɗin gaba ɗaya, ku ba mu fom. Mai shago ba ya barin mai saye ya shiga sito ya ɗauko da kansa, a kanta yake tsayawa ya faɗi abin da yake so. Google Forms kyauta ne, ana turo shi ta WhatsApp, mutum ya cika a wayarsa, amsar ta tafi gidanta da kanta. Ga 'yan'uwanmu da ke kara ko wuraren da sabis ba ya kamawa, akwai KoboToolbox, wanda ake cikawa ko babu intanet, sai an samu sabis ya tura.

Na biyu, duk inda za a iya zaɓa kada a ce a rubuta. In ka bar mutum goma su rubuta sunan jiha ɗaya, za ka samu rubutu iri biyar, kuma na'ura za ta ƙirga su jihohi biyar. A jera jihohin, a jera sana'o'in, goro, shanu, gwari, hatsi, canji, mutum ya danna nasa. Gidan lambar waya kuma a saita shi ya ƙi karɓa sai ta cika 11, a ajiye ta a matsayin rubutu don sifirinta ya tsira.

Na uku, tambayoyin su kasance da Hausa, gajeru, da manyan baƙaƙe, don idon wasunmu ya fara gajiya. Kuma kowane ɗan ƙungiya a ba shi lambarsa ta rajista. A nan ɗakin kaɗai Sani nawa ne, Musa nawa ne? Suna yana maimaituwa, lamba ba ta maimaituwa.

Na huɗu, a kulle abin da bai kamata a taɓa ba. Excel da Google Sheets duk suna da makulli, ana iya kulle kanun layuka da gidajen jimla, a bar inda ake cikawa kawai a buɗe. Gyaran da mutane suka turo kuma ya tsaya a gefe, magatakarda ya duba tukuna kafin ya shiga babbar rajista.

Na biyar, a bar hanyar komawa. Google Sheets yana ajiye tarihin gyara, wa ya canza, yaushe ya canza, kuma ana iya dawo da na jiya. Duk da haka, ƙarshen kowane wata a buga a takarda kwafi biyu, shugaba da ma'aji su sa hannu, a ajiye a gida biyu daban. Kun ga ke nan littafin dattawa bai mutu ba.

Akwai maganar amana da ba zan tsallake ba. Asusun da rajistar take ciki ya zama da sunan ƙungiya, ba na wani yaro ba, domin yaro zai tafi bautar ƙasa, zai sami aiki a Abuja, zai canza waya. Lambar sirri ta kasance a hannun mutum biyu amintattu. Kuma kada a sake a jefa rajistar cikin zauren WhatsApp, ga lambar NIN ɗin mutane ga ta asusunsu, 'yan damfara abin da suke nema ke nan. Tun 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma abin da ba mu buƙata ma kada mu karɓa tun farko.

Ta yaya za mu san aikin ya yi? Gwajin mai sauƙi ne. A ɗauki wayar a miƙa wa dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinmu, a ce ya canza lambar wayarsa, matasa su koma gefe su yi shiru. In ya gama bai kira kowa ba, aiki ya yi. In ya tsaya, inda ya tsaya nan za a gyara, kada a ce masa ai Baba abu ne mai sauƙi.

Mu kuma 'yan kasuwa, wannan aiki ne, kuma mai aiki a biya shi. Ba ma ba tela yadi mu ce ya ɗinka don Allah. Ina ba da shawara a ware kuɗi daga asusu a biya waɗanda za su yi, da sharaɗin su koya wa magatakarda da mataimakinsa, su kuma rubuta yadda ake yi a takarda ɗaya da Hausa. Ina roƙon shugaba ya sa wannan a ƙuri'a yau, a naɗa mutum uku su kawo mana fom ɗin gwaji a taron wata mai zuwa.

Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya shirya mana zuri'a.