Jawabi: A bar wa kifi ƙofa a jikin baraji



Idan ruwan Isa ya tashi, kawara da tarwaɗa da kurungu sukan hau sama, su shiga fadamu su zuba ƙwai. Baraji kuwa bango ne. In ya tare wannan hanya, masunci zai fara ji a jikinsa, sannan mai banda, sannan ɗan kasuwar da ke kai busasshen kifi Maraɗi da Damagaram.

Dabarar ita ce a gina wa kifi matakala: jerin ƙananan gurabu da ruwa ke gangarowa a cikinsu, kifi yana hawa yana hutawa. Injiniya ya san lissafin ruwa da siminti. Amma masanin halittu ne ya san watan da kifi ke tafiya, da ƙarfin ruwan da kowane iri ke iya keta, da inda suke taruwa a gindin bango, wato inda ya kamata bakin matakalar ya kasance.

Maƙwabtanmu sun riga mu gani. Barajin Markala na Mali, wanda aka kammala a 1947, yana da matakala, amma ta yi wa ɗimbin kifin da ke hawa kaɗan. A Senegal, barajin Diama na 1986 ya tare jatan lande masu cin dodon koɗi. Dodon koɗi ya yawaita, cutar tsargiya ta ɓarke a Richard-Toll. A Kamaru, barajin Maga na 1979 ya hana ambaliya isa fadamun Logone, kifi da makiyaya suka ragu. Sai a 1994, da injiniyoyi da masana halittu suka haɗa kai aka buɗe wata mashigar ruwa da aka toshe, kifi ya fara dawowa.

Ga mu da barajin Kandaji a jihar Tilaberi, wanda aka aza harsashinsa a 2008. Muna son lantarki, muna son noman rani. To, ku ma'aikata masu sa hannu a takardu, da ku ƴan kasuwa masu faɗa a ji, ku riƙa tambaya: ta ina kifi zai wuce? Ruwa nawa za a saki lokacin zuba ƙwai? Wa zai ƙidaya kifin bayan an rufe ƙofofi? Sorkawa sun san kogin, a zaunar da su tare da masana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Siminti in ya bushe, gyara sai da rushewa.