Kada Tsofaffin Kaset Su Ruɓe a Hannunmu

 

Da wuya a sami gidan Bahaushe a nan Sheda da babu tsohon kaset a ƙarƙashin gado: Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, ko Shata da ya bi shi a 1999. Wasu waƙoƙin a wurin biki aka ɗauke su, ba su taɓa shiga faifai ba. In zaren nan ya lalace, shi ke nan.

Yaranmu sun ce a juye su cikin kwamfuta. To, madalla, amma akwai aiki. Kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa cur, in kuma aka ɗauke wuta a koma farko. Rikoda mai lafiya ta yi wuya, marar lafiya kuwa cinye zaren take yi. Ga danshin damina, ya sa fumfuna, zare ya manne da juna. A ƙasar Gini ma, sai da aka shekara da shekaru, da tallafin Ingila, kafin a juye waƙoƙin gidan rediyonsu fiye da 9,000.

Abin da ya fi damuna, jama'a, shi ne suna. Yawancin kaset ɗinmu ba rubutu. Wa ya yi waƙar? Wa aka yi wa? A wane gari, wace shekara? Kwamfuta ba ta san wannan ba, dattawanmu ne suka sani, su ma kuwa kullum raguwa suke yi.

Don Allah kowa ya kawo nasa wurin magatakarda, ya zo da dattijon gidansu, a saurara tare, a rubuta.