Darajar Bargon Ƙyallaye: Jawabi Kan Matan Gee's Bend



Jawabina na yau a kan wani irin bargo ne da ake ɗinkawa a Amurka. Ana harhaɗa ƙyallaye a sama, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a ƙasa, sannan a bi su da allura a haɗe. Bisa al'ada, kowane ƙyalle sai an auna shi, zanen ya tafi daidai wa daida.

Amma a Gee's Bend, wani ƙauye na jihar Alabama wanda kogi ya kewaye ta ɓangare uku, matan baƙar fata, jikokin bayin da suka nome auduga a wurin, ba su bi wannan ƙa'ida ba. Tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan abinci suke yayyagawa, su jera yadda ido ya raya musu, domin 'ya'yansu su tsira daga sanyi. Layi ya karkace, launi ya saɓa, ba su damu ba.

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya ga hoton bargon da Annie Mae Young ta ɗinka, ya bi sawu har ƙofar gidanta, ya shiga sayen barguna a ƙauyen. A 2002 aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan sai Whitney a New York. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan guda 10 a kan tambarin wasiƙa.

Sai dai, jama'a, inda daraja ta shiga, nan rigima kan biyo. A 2007 wasu daga cikin matan suka kai ƙara kotu kan haƙƙinsu, aka sasanta a 2008.

Abin lura shi ne, kyawun bargon nan yana nan tun kafin baƙo ya zo. Ido ne ya makara. Saboda haka, duk wanda zai tara aikin hannu, ko bargon Alabama ne ko tsohon gwadon da kakarsa ta bari a adaka, ya rubuta sunan mai aikin da shekarar da aka yi shi, ya kuma biya haƙƙi cikakke. Kayan da aka raba da sunan mai shi, rabin tarihinsa ya salwanta.