Bayan Labule: Yadda Aka Shirya Wasan Talbijin na Monk

Takardar da aka gabatar a zaman ilmantarwa na taron shekara-shekara



An nemi in yi bayani a kan abin da ke gudana a bayan labule yayin shirya wasan kwaikwayo na talbijin, musamman irin wanda ke haɗa ban dariya da binciken laifi. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu sun sa ƙafa a sana'ar fim, wasu kuma suna haramar shiga, alhali mu iyaye abin da muke gani a akwatin talbijin kawai muka sani. Na ga ya fi kyau in ɗauki shiri guda in bi diddiginsa. Shirin da na zaɓa shi ne Monk, wanda tashar USA Network ta Amurka ta nuna daga watan Yuli na 2002 zuwa Disamba na 2009, zango 8, kashi 125.

Ga wanda bai taɓa kallonsa ba, labarin wani tsohon ɗan sandan ciki ne a birnin San Faransisko mai suna Adrian Monk. Yana da basirar gano abin da idon kowa ya tsallake, amma kuma yana fama da ciwon waswasi: tsoron ƙwayoyin cuta, tsoron tsayi, tsoron madara, ba ya gaisawa da mutum sai ya goge hannu, ba ya wuce abin da ya karkace sai ya daidaita shi. Ciwon ya tsananta bayan an kashe matarsa Trudy da bam a cikin mota, har ya rasa aikinsa, ya koma 'yan sanda suna gayyatarsa idan bincike ya cije.

Abu na farko da mai kallo bai sani ba shi ne, saura ƙiris shirin ya mutu tun yana kan takarda. A tashar ABC aka fara tsara shi, da nufin a yi wasan barkwanci na wani jami'i mai shirme, kuma aka yi wa Michael Richards, ɗan wasan da ya yi suna a shirin Seinfeld, tayin fitowa a matsayin jarumi. Bai karɓa ba. Labarin ya yi ta zama a ajiye ana neman wanda zai dace, sai daga baya ya koma hannun USA Network, aka ba Tony Shalhoub, Ba'amurke ɗan asalin Labanan. Da zuwansa sai nauyin labarin ya sauya. Shalhoub ya ɗauki Monk a matsayin mutumin da ke shan wahala da gaske, wanda ya san halinsa na takura wa jama'a amma ba shi da ikon dainawa. Shi ma furodusa David Hoberman, wanda ya kawo tunanin shirin, ya bayyana cewa ya yi fama da irin wannan waswasi a ƙuruciyarsa. Saboda haka ba baƙon abu suke kwaikwayo ba.

A nan ne nake son mu ɗan dakata, domin a ganina nan ne wuyar aikin take. Ban dariya da bincike kamar kishiyoyi ne a gida ɗaya. Bincike yana bukatar mai kallo ya natsu, ya yarda cewa an yi kisa kuma rai ne ya salwanta. Dariya kuwa tana sassauta zuciya ta ɗauke hankali. Idan barkwanci ya yi yawa, gawar da ke kwance ta zama abin wasa, babu wanda zai damu da sanin wanda ya yi kisan. Idan kuma bincike ya rinjaya, mai kallo zai ga shigowar barkwanci kamar wanda ya tuntsire da dariya a gidan makoki. Dabarar da marubutan Monk suka yi ita ce, sun sa abin dariyar da abin binciken suka fito daga tushe guda. Halin da ke sa Monk ya tsaya yana gyara fensiran da ke kan teburin mamaci, jama'a suna jiransa, shi ne dai halin da ke sa ya lura cewa akwai abin da ba ya wurinsa. Kana cikin dariya an wuce da shaida ta gaban idonka ba ka ankara ba.

Su wane ne waɗannan marubuta? Jagoransu Andy Breckman ne, wanda asalinsa marubucin barkwanci ne da ya yi aiki a shirin David Letterman da kuma Saturday Night Live. Shi ya gina Monk a kan tsarin Sherlock Holmes, ya ba shi mataimakiya a madadin Likita Watson, ya ba shi yaya mai suna Ambrose wanda ya fi shi basira amma ba ya iya fita daga gida. Daga cikin waɗanda ya ɗauko har da Hy Conrad, mutumin da sana'arsa ita ce rubuta littattafan kacici-kacici na gano mai laifi. Wato an haɗa masu iya ƙulla dariya da mai iya ƙulla matsala a ɗaki guda. Abin mamaki kuma, ɗakin nan yana garin Summit ne a Jihar Niyu Jasi, a gabashin Amurka, alhali ana ɗaukar shirin a can ƙuryar yamma, tazarar da ta kai kusan kilomita 4,000.

Irin wannan labari daga ƙarshe ake fara rubuta shi. Sai marubuci ya san wanda ya yi laifin, da yadda ya yi, da ɗan kuskuren da zai tona masa asiri, kafin ya koma farko ya rarraba shaidu a hanya. A Monk sau da yawa ba a ɓoye mai laifin, kamar yadda aka yi a tsohon shirin Columbo. Abin da ake ɓoyewa shi ne yadda ya aikata abin da hankali ya ce ba zai yiwu ba. Alal misali, a wani kashi na 2003 ana ta aiko wa 'yan gida ɗaya bam ta gidan waya, Monk ya dage cewa ɗan'uwansu ne ke aikowa, alhali mutumin ya yi watanni yana kwance a asibiti cikin dogon suma. Da aka je gidansa sai aka tarar da kwalaben miyar tumatir a manne a saman rufi. Kowa ya ɗauka wani shirme ne na ban dariya. Ashe gwaji yake yi, yana auna tsawon lokacin da gam zai riƙe abu kafin ya saki. Ya manna ƙunshin bama-baman a can saman akwatunan wasiƙa daga ciki, suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya yana kwance bai san inda kansa yake ba. Ku gafarce ni na tona muku asirin wannan kashi, akwai sauran 124.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce adalci ga mai kallo. Duk shaidar da jarumi zai kafa hujja da ita a ƙarshe, wajibi ne an nuna ta tun da farko. Wannan ne ke jefa ma'aikatan bayan fage cikin aiki. A al'adar talbijin ɗin Amurka kashi ɗaya na minti 40 da 'yan kai kan ci kwana 7 zuwa 8 ana ɗauka, kuma ba a bin jerin labari. Duk fitowar da ta shafi ofishin 'yan sanda a ɗauke ta a tashi ɗaya, ko da wata ta farkon labari ce wata ta ƙarshe. Don haka akwai ma'aikaci na musamman da ke riƙe da littafi yana rubuta hannun da aka riƙe kofi da shi, da inda agogo ya tsaya, da ko taga a buɗe take. A wasan soyayya kuskure a nan ƙaramin abu ne. A wasan bincike kuwa mai kallo zai ɗauka shaida ce, ya gina zarginsa a kai, daga baya ya ji an yaudare shi. Haka nan darakta da mai tace hoto sukan yi ta muhawara a kan daƙiƙa nawa za a bar kyamara a kan wani abu: in ta daɗe an fallasa, in ta yi sauri an yi ha'inci. A yawancin kashi, idan Monk ya zo warware ƙulli, sai a koma baya a nuna yadda laifin ya auku cikin hoto baƙi da fari, wanda ke nufin a sake ɗaukar wata fitowar dabam da ta yi daidai da duk abin da aka riga aka nuna.

Shi kansa San Faransisko da kuke gani, akasarinsa ba shi ba ne. An ɗauki kashin gwaji a Bankuba, zango na farko a Toronto, duka a Kanada inda aiki ya fi araha, sa'an nan daga zango na biyu aka koma Los Anjelas. Hotunan gada da tuddai ne ake sarƙawa a tsakani.

Akwai kuma abin da babu marubucin da ya tsara. A tsakiyar zango na uku Bitty Schram, wadda ke fitowa a matsayin Sharona mai jinyar Monk, ta bar shirin. Jaridu sun danganta abin da saɓani kan kwantiragi. Dole aka rubuta cewa Sharona ta koma Niyu Jasi wurin tsohon mijinta, aka shigo da Traylor Howard a matsayin Natalie, kuma sai a 2009 Schram ta dawo ta fito a kashi guda. A watan Afrilu na 2008 Stanley Kamel, mai fitowa a matsayin likitan ƙwaƙwalwar Monk, ya rasu. Marubuta ba su sa wani ya gaji sunansa ba. Sun bar likitan ya rasu a cikin labarin, Monk ya yi jimaminsa, kafin Héctor Elizondo ya shigo a matsayin sabon likita. Hatta kiɗan buɗe shiri ya jawo ce-ce-ku-ce, lokacin da aka maye gurbin na Jeff Beal da waƙar Randy Newman a zango na biyu. Masu kallo suka yi ƙorafi, marubuta suka mai da ƙorafin abin barkwanci a cikin wani kashi, kuma dukan kiɗan biyu sun ci lambar Emmy, ɗaya a 2003 ɗaya a 2004.

Tambayar da ba zan tsallake ba ita ce, shin ya dace a yi dariya da marar lafiya? Mu nan mun san yadda akan fito da mai taɓin hankali a wasanninmu na barkwanci, cikin tsumma, yara na binsa da jifa. Monk ma bai kuɓuta daga suka ba, domin akwai masu ganin ya sa mutane sun ɗauki waswasi a matsayin son tsabta kawai, alhali ciwo ne mai hana barci da walwala. A ganina sukar tana da tushe, musamman a wasu kashin da aka ja barkwancin ya yi tsawo. Sai dai shirin ya nuna mutumin yana zuwa wurin likita a kai a kai ba tare da kunya ba, kuma a ƙarshen kowane kashi shi ne mai gaskiya, waɗanda suka raina shi ne ke sunkuyar da kai. Shalhoub ya ci Emmy sau 3 da wannan rawa, a 2003 da 2005 da 2006.

Kisan Trudy shi ne ƙullin da aka riƙe shekara 7 ba a kwance ba. Amsar tana cikin wata kyauta da ta bar masa, wadda ya ƙi buɗewa saboda ita ce ta ƙarshe daga hannunta. Ranar 4 ga Disamba, 2009, mutum kusan miliyan 9.4 suka zauna kallon kashin ƙarshe. A Disamba na 2023 'yan wasan suka sake haɗuwa a fim guda da aka saki a manhajar Peacock, bayan annobar korona ta sa duniya duka ta koma goge hannu da gudun musabaha irin na Monk.

Shugaba, a nan zan tsaya domin a samu lokacin tambayoyi.